Inna, Ba Malam Adamu Ne Ya Gudu Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata Hajiya Sa'adatu, wadda ke kwance a maƙabartar Baƙi'a. Bayan gaisuwa ta 'ya ga uwarta, ina roƙon Allah Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi.

Inna, ni ce Hamidarki. Na san da kina raye da tuni kin ƙwace wayar nan kin ce, "Ke, ki rufa mana asiri." Ki yi haƙuri, yau sai na yi magana a inda matan unguwarmu ta Jurf duka za su karanta. Malam Adamu zai bar Madina ran Juma'a, zai koma Cadi gaba ɗaya, kuma har yau Adamu Gudau ake ce masa a unguwa. Ni da ke mun san bai gudu ba. Ko kusa da wurin ma bai je ba.

Bari in ɗauko miki daga farko, ba don kin manta ba, sai don waɗanda za su karanta.

Baba ya rasu ya bar miki ni kaɗai da tsohuwar motarsa. Ciwon ƙoda ya kama ki, wankin ƙoda sau uku a mako, kuma a lokacin ba a ba wa mata izinin tuƙi a ƙasar nan ba. Maƙwabcinmu Malam Adamu, mai ɗaukar kayan alhazai a filin jirgi, shi yake kai mu asibiti da motar Baba. Da alhazai suka fara sauka, aiki ya riƙe shi. Kika rasa wanki biyu a jere, ƙafafunki suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, kina zaune kina jan numfashi kamar wadda ta hau bene.

Ni kuwa na iya mota. Baba ya koya mini ina yarinya, a gonar dabinon da yake wa aiki a Khaibar, inda ba mai ganinmu sai awaki. Na buɗe akwatinsa, na ɗauko farar jallabiyarsa da hula da jan shimag ɗinsa, ƙyallen nan da mazan ƙasar nan ke yafawa a ka, na sa, na tsaya a gabanki. Tsawon nan da kike tsokanata da shi, ranar ya yi rana. Kika yi salati, kika yi dariya har tari ya sarƙe ki, sannan kika fashe da kuka. Kika ce, "Allah Ya gani, lalura ce." Muka karɓi makulli a hannun Malam Adamu, muka ce masa wani ɗan'uwa ne zai riƙa kai mu. Bai tambaye mu ko wane ne ba.

Sharaɗi ɗaya kika kafa mini, shi ne kitso. Gashina ya kai gadon baya, kin kuma fi kowa sanin yadda nake ji da shi. Duk Juma'a bayan la'asar sai ki zaunar da ni tsakanin ƙafafunki, ki yi mini ƙanana a kwance, ki naɗe jelar da baƙin zare, yadda hula za ta zauna daram. Likita ya hana ki wahalar da hannun hagu, wanda aka haɗa wa jijiya don wanki, amma da shi kike riƙe tsaga. In na yi ƙorafin zafi sai ki dungure mini kai ki ce, "Ba ado nake miki ba. Mai tuƙi idonsa na hanya, hannunsa na sitiyari."

Ke ce kike kafe shimag da allura uku, ki mayar da gefunan bayan kafaɗa, ki ja ki ji bai motsa ba. Gilashin gefena a rufe yake kullum. Abayata tana cikin leda a ƙarƙashin kujera, in mun isa bayan asibiti in zura ta a kan jallabiya, in shiga da ke a matsayin 'yarki. Tun daga gida har mu isa, istigfari kike yi a kujerar baya. Mutanen unguwa suna ganin motar Baba da dogon mutum ya rufe fuska, sai su ɗauka Malam Adamu ne kamar yadda aka saba. Wata bakwai muna haka, ko kaza ban taka ba.

Sai bikin Safiyya ya zo, 'yar Gwaggo Mairo.

Ranar lalle na tafi wajen gyaran gashi, na sa aka tsefe kitsonki, aka miƙar da gashin da na'ura, ya kwanta luf yana sheƙi. Mata sai taɓawa suke yi suna masha Allah, ni kuwa kaina ya fasu. Washegari ranar wankinki ce, da yamma kuma ake babban taro. Da safe kika fito da mataji da kwalbar mai, kika ce, "Zo in kama miki ko guda huɗu ne." Na ce, haba Inna, lalacewa zai yi. Kika sake kira. Na juya miki baya ina gunaguni, na tufke shi da ɗan ribom, na cusa a hula. Allurar ma biyu na sa. Kika daɗe kina kallona, sannan kika ajiye matajin a kan firij kika ɗauki jakarki.

Wallahi Inna, in na tuna ƙarar ajiye matajin nan, har yau sai in ji kamar in nutse.

Sanyin motar ya lalace a makon, ga rana ta fara zafi, gashi ya dame ni da gumi, sai na sauke gilashin gefena. Mun fita daga Jurf ke nan, wata babbar mota ta wuce mu da gudu. Iskarta ta ɗage shimag, hula ta zame a kan gashin nan mai santsi, ribom ya suɓuce, gashi ya zubo ya rufe mini fuska.

Ga abin da ban taɓa faɗa miki ba, ko da yake na san kin gani daga baya. Da na taka birki, da mun tsaya lafiya lau, hanyar ba cunkoso. Ban taka ba. Akwai wata mota a gefenmu da maza a ciki, sai na saki sitiyari da hannu biyu ina tura gashi cikin hula don kada su gane mace ce. Ina ɗauke da ke, amma ba ke na tuna ba, kaina na tuna. Mutanen nan ko waiwaye ba su yi ba, sun wuce abinsu. Mu kuwa muka hau dakalin titi muka daki ƙarfen fitila.

Hannunki na hagu ne ya shiga gilashi. Na waiwaya na ga jini yana tsartuwa, na daskare. Da wannan hannun kika fizge shimag daga wuyana, kika jawo ledar abaya kika wurgo mini, kika ce, "Sa! Dawo baya!" Kika ce in bar ƙofar direba a buɗe. Kafin mutane su taru, mata biyu ne a kujerar baya, ɗaya tana zubar da jini, ɗaya da farar jallabiya a ƙarƙashin abaya.

Da Larabcinki mai gargada kika ce musu direba ya gudu. Ke da ko yaro ba kya yi wa alkawarin alewar da ba ki da ita! Da hukuma ta tambayi sunansa kika ce ba ki sani ba, a bakin titi kika samo shi. Wannan ya hana a kama kowa, amma bai hana bakin unguwa ba. Kowa ya san motar, kowa kuma ya ɗauka ya san mai tuƙa ta.

Ba a sake yi miki wankin ƙoda ta hannun ba. Aka sa miki roba a wuya, yau zazzaɓi, gobe asibiti. Ba ki sake yi wa kowa kitso ba. Ba a cika shekara biyu ba muka raka ki Baƙi'a. Na yarda kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah, amma na san abin da hannuna ya yi.

Shi kuwa Malam Adamu, matan unguwa suka daina aikensa, suka daina ba shi 'ya'yansu ya kai makaranta. A masallaci in ya yi sallama, a daƙile ake amsawa. Mutumin da ya bar tsohuwa cikin jini ya tsere, haka ake nuna shi. Har jikokinsa jikokin Gudau ake ce musu. Sau biyu kina kwance kika riƙe ni kika ce, "Hamida, akwai haƙƙin bawan Allahn nan a wuyanmu." Na ce to, bari ki samu sauƙi. Bayan rasuwarki na ce bari in yi aure tukuna, kada dangin miji su ji. Bayan aure na ce ai zancen ya tsufa.

Da aka ba wa mata izinin tuƙi, ina cikin na farko a unguwa da suka karɓi lasisi. Mata suna ta yaba ni, wai kai ka ce na daɗe ina yi. Na yi murmushi na ce baiwa ce. Tir da ni, Inna. A lokacin ba wani abin tsoro da ya rage, kunya ce kawai. Kunyar a ce 'yar Hajiya Sa'adatu ta sa kayan ubanta, ta kuma lalata hannun uwarta saboda gashin biki.

Jiya bayan la'asar Malam Adamu ya zo sallama, da ledar dabino a hannu. Ya tsufa, Inna, bayansa ya ranƙwafa. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, bai shigo ba. Na buɗe baki ina in'ina, sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Na sani, 'yata. Tun ranar farko na gane, don yadda marigayi yake fitar da mota da baya, haka kike yi. Ranar hatsarin ina filin jirgi tun asuba, ga abokan aiki shaida. Amma Hajiya ta rufe ki da hannu mai jini, ba ni zan yaye ba."

Na durƙusa a wurin ina kuka, yana cewa in tashi, ya yafe tun tuni. Shi ya yafe, amma sunan yana nan, kuma jikokinsa a Jurf za su zauna.

To Inna, mayafin da kika rufe ni da shi, yau na yaye da kaina. Ba raina suturarki na yi ba, na daɗe a cikinta ne har wani ya tsufa a rana. Ina faɗa a gabanki da gaban duk mai karantawa: ni na tuƙa motar, ni na saki sitiyari, kuma saboda ni kika faɗi abin da ba haka ba. Malam Adamu bai taɓa barin kowa a hanya ba.

Ya yarda in kai su filin jirgi ran Juma'a, shi da matarsa. Na roƙe ta ta yi mini kitso ran Alhamis, ƙanana a kwance, irin naki. Matajin yana nan, shi zan kai mata.

Allah Ya gafarta miki, Ya ɗora nauyin maganar nan a kaina, kada Ya tambaye ki ita. Allah Ya mayar miki da hannunki lafiyayye a Aljanna. Allah Ya kai Malam Adamu gida lafiya, Ya saka masa da abin da ba mu iya ba. Ni kuma ki yafe mini kiran nan biyu da ban amsa ba. Amin.

Wassalam.

'Yarki Hamida,
direban da ya gudu.