Gonar da Aka Yanka Kan Burtali

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya zaman Agadas? Ina fatan iyali da yara suna lafiya. Mu nan Dakoro lafiya lau, sai dai hankalina a tashe yake.

Ka tuna Malam Idi, baƙonmu da ɓarayin daji suka koro daga Zamfara? Wata ƙungiya ta nema mashi gona, ta ba shi iri. Wata kuma ta haƙa wa makiyaya rijiya a bakin gonar. Ba su shawarci juna ba, balle mu da muka san wurin burtali ne, hanyar shanu tun kakanni. Yanzu hatsi ya fid da kai, garkuna kuma sun kamo hanya daga Tagriss.

Na roƙi ƙungiyoyin su zauna tare, kowace ta ce aikin ɗayar ne. Jiya Malam Idi ya riƙe hannuna ya ce, "Lawali, in aka cinye hatsin nan, ina kuma zan gudu?"

Ka gaida kowa. Ku taya mu addu'a, Allah ya sa su zauna kafin shanun su iso.

Ƙanenka,
Lawali