In Bar Mijina Ya Kasa Gane Ɗansa a Gaban Jama'a?

Gwaggo Nélida, ki taimake ni kafin ranar Asabar, don abin da nake shirin yi ya fara ba ni tsoro, kuma har yanzu ban fasa ba.

Mijina, bari in kira shi Darío, duk mai bin wasan zari-ruga a nan garinmu Tucumán ya san shi, shi ya sa ba zan faɗi sunan kulob ɗinmu ba. Lamba uku yake sawa, wato cikin mutum ukun nan na sahun gaba da ke sunkuyawa su haɗa kai da abokan hamayya a yi ta turereniya, ƙarti biyar na danna su ta baya. Takarkari suke ce masa. Tun yana ƙarami ubansa ya kai shi kulob, a can ya girma, aka kira shi ƙungiyar ƙasa, sannan wani kulob na Faransa ya ɗauke shi. Shekaru na yi a wani gari da ruwan sama ba ya ɗaukewa, ina neman ganyen shayin mate kamar magani, ina kallonsa a talabijin yana rera taken ƙasa yana hawaye. Na sha ganin ya faɗi idanunsa a juye, a watsa masa ruwa, ya tashi ya koma. Washegari jaridu su ce namijin duniya. Ni ce mai sakin labule, don haske na sa shi amai.

Yanzu shekararsa arba'in da shida, kuma kansa ya fara tafiya. Likita ta ce dukan da ƙwaƙwalwar ta sha ne, ba kuma gyaruwa za ta yi ba. Ni kaɗai na ji wannan magana. Idan wani ya nufo mu a hanya sai in ɗaga murya in ce, "A'a, Fabián, kai ne?" don Darío ya kama sunan. Da safe, in ya yi barci sosai bai sha giya ba, za ki rantse lafiyarsa lau. Daga la'asar ne abin ke ɓaci.

Abokan wasansa na da sun lura, sai suka mayar da shi abin nishaɗi. Duk Alhamis suna gashin nama a kulob. Fabián ɗin nan, wanda ya tsaya masa ranar aurenmu, shi ne jagora. Sai ya ce, "Takarkari, ba mu labarin ranar da ka tura Turawan Ingila har bayan layi mana!" Darío ya bayar da labarin tun daga farko. Su cika masa kofi, su jira ya shanye, wani ya ce, "Kai ɗan'uwa, ba ka taɓa ba mu labarin Turawan nan ba fa." Ya sake. Su yi ta dariya suna dukan tebur, Fabián na ɗauka a waya. Matar ɗaya daga cikinsu ce ta nuna mini. Abin da ya fi ci mini rai, ya dawo gida fuskarsa cike da murna, ya ce mini, "Yau na ba 'yan iskan nan dariya, har Fabián ya ƙware."

Ɗanmu ɗaya, Lisandro, shekararsa ashirin, yana karatu a cikin gari, kuma wuyan ubansa ya ɗauko. Ran Lahadi da safe yake zuwa, ni na tsara haka, don kada ya ga uban da yamma. Ranar da kunnen yaron ya fara kumbura irin na 'yan turereniya, mazan kulob har taya shi murna suka yi, wai ya shiga sahun manya. Na roƙe shi ya bar wasan, na yi kuka, na yi fushi. Ya rungume ni ya ce, "Mama, ke ba ki san wasan nan ba. Dubi Baba, ba ga shi garau ba?" A watan jiya Darío ya tsaya gaban hoton yaron a jikin firiji, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wane ne wannan ƙaton? Yana da wuya mai kyau." Ban gaya wa kowa ba.

To ranar Asabar Lisandro zai buga wasansa na farko a babbar tawaga, da lamba uku. Kin san al'adarsu: kafin a fita fili, wani tsohon ɗan wasa ke shiga ɗakin sa kaya, ya kira kowa da sunansa, ya miƙa masa riga. Mata ba sa shiga. Shugaban kulob, Don Eusebio, ya bugo mini waya yana ta zumuɗi, "Uwargida, uba zai miƙa wa ɗa rigarsa! Har masu hoto na kira."

Zan iya shirya shi, na yi abin da ya fi wannan wuya. In zaunar da shi kowace safiya da hotunan yaran tawagar, in hana shi giya, in roƙi kociya ya tsaya a gefensa yana raɗa masa sunaye. Ban yi ko ɗaya ba. Har na amince Fabián ya ɗauke shi cin abincin rana kafin wasan, na kuwa san za su ɗura masa. So nake Darío ya tsaya riƙe da rigar, ya kalli Lisandro ya ce, "Kai ɗan wane ne?" So nake su gani da idonsu, Don Eusebio da masu hotonsa, abin da suka yi shekaru suna tafa wa hannu. So nake yaron ya cire takalmin nan kada ya sake sa shi har abada. Miji ɗaya na ba su, ba zan ƙara musu da ɗa ba.

Amma kullum da safe Darío sai ya goge takalminsa ya tambaye ni, "Yau ce Asabar ɗin?" Gwaggo, muguwa ce ni, ko uwa?

Matar Lamba Uku

'Yata,

Duka biyun, a wannan makon. Tunda kin tambaya kai tsaye, haka zan amsa.

Fushinki daidai ne, ba zan rage miki ko kaɗan ba. Mazan da ke sa mara lafiya ya maimaita labari don su yi dariya ba abokai ba ne, kuma Fabián ya cancanci ki faɗa masa haka a gaban matarsa. Tsoron da kike ji wa ɗanki ma gaskiya ne.

Sai dai ki dubi abin da kika shirya da kyau. Za a ba mijinki giya, a tsayar da shi gaban jama'a, a jira ya ɓata. Wannan shi ne wasan Alhamis ɗin, illa dai yau ke ce jagora. Su don dariya suke yi, ke don wa'azi, shi kuma Darío bai amince da ko ɗaya ba.

Kuma kina tsammanin za su ji kunya? Na san mazan kulob, mahaifina ɗaya daga cikinsu ne. Wani zai ce zumuɗi ne ya ruɗa Takarkari, a tafa, a fita fili. Kafin sati ya zagayo ya zama sabon labarin da za a ci nama da shi. Ɗanki kuwa ba zai cire takalmi ba. Zai fita ya sa kansa cikin turereniya idonsa cike da hawaye, hankalinsa a wani wuri, kuma ke kin fi ni sanin abin da ke samun wuyan mutum a irin wannan hali.

Yaron nan ya ce miki ubansa garau yake. Wa ya nuna masa haka? Ke kika zaɓa masa safiyar Lahadi. Kin ɓoye masa gaskiya don tausayi, yanzu kina so ki jefe shi da ita a gaban masu hoto.

Ga abin yi. Ki kira Lisandro gobe, da la'asar, ba da safe ba. Ki bar shi ya zauna da ubansa, sannan ki faɗa masa maganar likita da maganar hoton firiji, kada ki sassauta. Ki sama masa rana ya ga likitar da kansa. Ki buga wa Fabián ki ce babu cin abinci, babu sauran Alhamis. Ki gaya wa Don Eusebio riga ɗaya kaɗai mijinki zai miƙa, ba masu hoto, kociya na gefensa, ko kuma a miƙa ta a gida da safe kina tsaye. Ki bar yaron ya zaɓa. Darío ya biya wannan ranar da kansa, kada a ƙwace masa ita.

Ba zan yi miki ƙarya ba, mai yiwuwa Lisandro ya ji komai kuma ya ci gaba da wasa. Shekararsa ashirin, wuyansa ne. Amma in kika bi taki hanyar, mijinki zai manta abin da ya faru kafin a tashi wasan. Ɗanki ne ba zai manta ba, kuma wata rana zai gano wanda ya shirya shi.

Allah ya sassauta wa Darío, ya kare yaron, ke kuma ya ba ki wanda zai riƙa kama miki.

Gwaggo Nélida