Kalmar Da Ɗan Aike Ya Tsallake

Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na rubuto ne don na san kai da waya ba kwa shiri.

Masana'antar katakon da Baban Yara ke aiki ta aiko min da takarda da Turanci, wai in sa hannu. Ɗan aiken ya fassara min cewa an mayar da shi gadin ƙofa, shi da ya shekara tara a kan injin yanka. Amma da ya zo kan wata kalma sai ya yi tari ya tsallake. Na ja mata layi, ga takardar nan. Wata biyu ke nan in na kira Baban Yara sai ya ce "lafiya lau" ya kashe. Kai ka shekara talatin kana koyar da Turanci. Me take nufi?

'Yarka.

'Yata,

Saƙonki ya iso, Allah Ya yi miki albarka.

Kalmomi biyu ne aka haɗa da ɗan guntun layi, kamar yadda tela ke haɗa ƙyalle. Ta biyun tsohuwa ce ƙwarai. Ƙamus ɗina ya ce tun kaka da kakanni da ita Turawa ke kiran abin da ke tsakanin kafaɗa da wuyan hannu. Sukan liƙa mata wata a gaba don siffanta mutum, kamar a ce mai ƙarfin damtse. Kada ki sa hannu tukuna. Yaya yaran?

Kawunki.

Kawu,

Ina gaisuwa. Amma ka yi min irin ta aji, na tambayi ma'ana ka ba ni tarihi. Ina kalmar farko? Kai ma tarin ka yi? Tsoro nake ji. Don Allah ka faɗa min.

'Yarka.

'Yata,

Kin kama ni. Takarda huɗu na rubuta na yaga. Kalmar farko "ɗaya" take nufi. Mai hannu ɗaya.

Na sa an kira min shugaban sashensu. Injin ne ya kama hannun Baban Yara na dama, likitoci suka cire. Baban Yaran ne ya roƙa kada a gaya miki sai ya koyi cin abinci da hagu. Ban taɓa baƙin cikin iya Turanci ba sai yau, ga shi ba abin da zan iya yi miki. Ki yafe min.

Kawunki.

Kawu,

Na gode. Na kira shi. Jibi zai iso.

Idan ya sauko daga mota, in karɓi jakarsa ne, ko in bar shi ya ɗauka da kansa? Na rasa wanne zai fi yi masa ciwo.

Ka huta lafiya.

'Yarka.