Fuskar Jitarka a Ƙarƙashin Tukunya

Malam,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma sai ka ce in ajiye maka sai gam ya bushe. Amma wata shida ke nan ina cike da kai, kuma duk wanda na buɗe wa baki sai ya ce in yi haƙuri in yi maka addu'a. Addu'a ina yi kullum. Haƙurin ne har yau bai zo ba.

Unguwarmu Dukawuya tana nan yadda ka bar ta. 'Yarmu Hafsa ta sauka lafiya, an samu namiji, an mayar da sunanka, har da taurin kan. Yayanka Alhaji Babba ƙafa ta matsa masa, a zaune yake jan salla yanzu. Ni kuma na fita takaba. Ranar da na fita ban je gidan kowa ba, ɗakinka na jikin zaure na fara shiga, na tsaya ina kallon abin da ya rage na jitarka.

Shekara uku kana kanta, Malam. Tun da ka yi ritaya daga koyar da aikin kafinta ka ce za ka ƙera jita mai tsirkiyar ƙarfe da hannunka, irin wadda ka taɓa riƙewa kana ɗalibi. Ni na zama hannunka na biyu. Ni ke hura gawayi a cikin bututun ƙarfe kana lanƙwasa gefunan jitar na katakon maɗaci a kansa, ni ke riƙe bakin katako har yatsuna su yi ja. Farin katakon fuskar kuwa, wanda ka ciro daga tsohon akwatin inji, kamar jariri ka ɗauke shi. Ka goge da samfefa, ka ɗaga shi kusa da kunne, ka ƙwanƙwasa da yatsa, ka lumshe ido. Har ni ka sa na koyi jin bambancin katako mai amo da kurma.

To me ya sa ka ɓoye? Duk wanda ya ji ƙarar zarto sai ka ce masa akwatin littattafai kake haɗawa. Shekara uku ana akwati ɗaya, kuma kana ganin ka yi wayo. Tsoronka kada a ce ɗan gidan malamai, ƙanen liman, ya koma makaɗi da furfura. Ka kulle ƙofa, ka rataya mabuɗi a wuya, ka bar ni kaɗai da sirrin da ba laifi ba ne.

Wannan duk zan iya yafewa. Asibitin ne ya tsaya mini a wuya. Likita ya ce ka koma ranar Talata a duba zuciyarka, na goge maka kaya, na ajiye katin a kan hularka. Ka ce mini hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma ƙananan sandunan da ake liƙawa a bayan fuskar jita, masu hana tsirkiya karya ta, dole a liƙa su kafin damina. Wai in katako ya sha laima aka sa masa gam, rani na zuwa zai tsage. Ka ce Talata mai zuwa. Da ta zo ka ce saura sanda biyu. Ka san ranar da katako zai tsage tun wata shida kafin ta zo, amma ƙirjin da kake dafewa kana tsayawa a tsakar gida ba ka san komai a kansa ba? Ranar Alhamis bayan la'asar na kawo maka ruwa na same ka a ƙasa. Sandunan duka sun liƙu tsaf, ko gam bai ɗiga ba.

Ka tuna ruwan da kake tsere da shi? Ranar sadakar uku ya sauka, tun da safe, ruwan farko na shekara. Masu gaisuwa suka rasa mafaka, Alhaji Babba ya karɓi mabuɗin aka buɗe ɗakinka, aka kwashe katakai zuwa cikin gida don maza su samu wurin zama. Itacen girki duk ya jiƙe a tsakar gida. Yaya Ladidi, babbar yayarku, tana ta fama da murhu hayaƙi na shiga mata ido, sai ta hango busasshen katako a jingine. Me ta sani? Ai akwatin littattafai ne da ba a ƙarasa ba, haka ka gaya wa kowa da bakinka.

Wata shida ina cewa laifinka ne, kuma laifinka ne. Amma ga abin da ban gaya wa kowa ba, har Hafsa. Na gani, Malam. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakina cikin mata, carbi a hannu, ta wuce ta gabana da fuskar jitar. Na ga ramin da ka yanka a tsakiya, na ga rubutun fensir ɗinka a gefe. Kalma ɗaya ce, in ce Yaya ajiye wannan, da ta ajiye. Ban faɗa ba. Na so in ce kunyar mata ce ta hana ni, amma ƙarya ne. A zuciyata cewa na yi bari ta ƙone, ita ce ta hana shi zuwa asibiti. Na ji lokacin da Yaya Ladidi ta taka ta da ƙafa ta karye. Ƙarar ta cika gidan, don ka iya zaɓen katako. Wutar ta kama nan take, aka dafa shinkafar sadakarka da ita, kowa na cewa Allah ya kai lada kabarinka.

Ko minti biyu ban samu na sanyin zuciya ba. Tun daga ranar fushin ya zama biyu, naka da nawa, kuma kai ka tafi ka bar ni da duka. Wa ya ce ka mutu ka bar mace a hasale da abinka a gabanta?

Ga abin da ya tsira: wuyan jitar, gefunan a cikin katakon da ke riƙe da lanƙwasarsu, bayanta na maɗaci, littafinka na awo, da tsirkiya shida a takardarsu. Makon jiya Alhaji Babba ya aiko a tambaye ni ko za a kwashe tarkacen ɗakin. Na sa hijabi na je da kaina, na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa ba tarkace ba ne, jita ce, ƙanensa ne ya yi shekara uku yana ƙera ta. Na zaci zai kore ni. Sai ya ce tun kuna yara kake kaɗa gwangwani a bayan gida, shi ke tsaya maka gadi kada Baba ya kama ka. Ya share ido da bakin rawani. Ka ji mutumin da ka ɓoye wa har ka mutu.

Mijin Hafsa ya samo mini wani akwatin inji a wajen Kabuga, don in yi wa jitar sabuwar fuska. Na ƙwanƙwasa katakon a kunne yadda kake yi, yana da amo, ko da yake bai kai naka ba. Damina ta wuce, iska ta bushe, lokacin sa gam ya yi. Ba zan yi da kyau kamarka ba, wataƙila ma tsirkiyar ta karya ta ranar farko. Amma a buɗe zan bar ƙofar, duk wanda ya tambaya zan gaya masa abin da nake yi da sunan wanda ya fara.

Na so in fara jiya Talata, sai ya zamana ranar awon jinina ce. Na rufe kwalbar gam, na ɗauki katina na tafi, na bi layi har azahar. Da na dawo katakon yana nan inda na bar shi, Malam, babu abin da ya same shi.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Ban huce ba tukuna, amma ka yafe mini wutar nan.

Matarka da ka bari da sauran aiki,
Maman Hafsa