Mil Ɗari da Talatin da Ɗaya

Fargo, 4 ga Afrilu

Zuwa ga Malama Loretta Tweten,

Bayan gaisuwa da ta'aziyyar rashin maigidanki, Malam Elmer. Allah ya ba ki haƙuri.

Sunana Dwight Sorlie, ni ke rubuta shafin motoci a jaridar Asabar. Bara na gwada irin motar lantarkin da ya saya, na rubuta cewa ba ta iya cin nisan da allonta ke nunawa idan sanyi ya tsananta. Kamfanin ya kai ni kotu, wai ƙarya na yi don in ɓata musu suna. Za a zauna a watan Yuli. Ina roƙon ki zo ki faɗi abin da ya sami mijinki a hanyar garin Minot. Idan ba za ki iya ba, ba zan ga laifinki ba.

Naki cikin girmamawa,
Dwight Sorlie

*

Gona, 11 ga Afrilu

Yaya Bernice,

Ina gaishe ki, ina gaida ciwon gwiwa. Ga takardar wani ɗan jarida na haɗo miki, ki karanta.

Na san mutumin. Rubutunsa ne ƙaninki Elmer ya yanke ya manna a jikin firij, kullum da safe ya ɗaga masa kofin kofi ya ce masa matsoracin birni. Har yau takardar na nan, na kasa cirewa.

Yaya, gidan nan bai yi shiru yadda ya kamata ba. Motar tana hannun 'yan sanda, amma wayar cajinta na rataye a gareji. Idan la'asar ta yi sai in ji ƙarar nan, ƙyas, irin wadda take yi idan an jona ta. In je in duba, ba komai. Wayar salular Elmer kuma, in na kunna, hoton motar ne ke fitowa, tsaye a kan titin nan mil shida daga gida, a ƙasanta an rubuta caji sifili.

Na ba fasto labari, ya ce in riƙa fita cikin mutane. Ke me kika gani? In je kotun?

Ƙanwarki,
Loretta

*

Mesa, 19 ga Afrilu

Amaryarmu,

Shekara arba'in da ɗaya a gidanmu har yanzu sai an ce miki tashi. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Ki je kotu, ki sa rigar nan shuɗiya, ba wadda ta sa kika yi kama da labule ba.

Ni na yi goyon Elmer. Babanmu ya kafa mana doka tun muna yara: da hunturu ba a barin tanki ya sauka ƙasa da rabi. Elmer bai taɓa karya ta ba, har tsayawa yake a gidan mai ranar ɗaurin aurenku, kina cikin mota kina cika kina batsewa. Mutum irin wannan ba ya fita sai da caji cike. Motar kamfanin nan ce ta yi masa ƙarya, ta mutu masa a cikin guguwar ƙanƙara, ya rasa ransa a nan. Ki je ki faɗa musu haka, idonki cikin nasu.

Ƙarar da kike ji kuma, ɓera ne. Ki sa tarko.

Yayarki,
Bernice

*

Gona, 2 ga Mayu

Yaya Bernice,

Ina gaisuwa. Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa. Ki zauna kafin ki karanta.

Bai fita da caji cike ba.

Ana gobe zai tafi Minot ganin likitan zuciya, jar saniyar nan ta haihu kafin lokacinta, a fili, cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci. Na tarar da maraƙar kunnuwanta sun ƙage, ko kuka ba ta yi. Na ja ta a kan buhu zuwa gareji. Kin san garejinmu, soket ɗaya ne mai ƙarfi, shi ke ɗaukar babbar hita, shi ke cajin motar. Elmer yana can yana gyaran famfon shanu. Na zare motar na jona hita, na ce a raina awa biyu kawai. Daga nan na tafi coci, mu ke dafa abincin jana'izar tsohuwa Solberg. Na dawo a gajiye. Ban mayar ba, Yaya. Mantawa na yi.

Da safe ya leƙo kicin ya ce allon ya nuna mil ɗari da talatin da ɗaya, tafiyar kuwa zuwa da dawowa tamanin da huɗu ce. Na ce ya ɗauki tsohuwar a-kori-kura. Ya ce batirinta ya mutu tun Kirsimeti, wa na aura da ban sani ba? Sai ya ce, "Lissafi ba ya ƙarya, tsohuwa. Ajiye min miya."

Sai da ya wuce na ga wayar cajin a ƙasa. Na tsaya ina kallonta. Ban kira shi ba, don kada ya yi min dariya.

Maraƙar ta rayu. Kullum tana bina har bakin ƙofa, ni kuwa ba na iya kallon idonta.

In na tsaya a kotu sai na rantse. Me zan ce? Ki yi min duk faɗan da za ki yi, amma ki amsa.

Loretta

*

Gona, 30 ga Mayu

Yaya,

Mako huɗu ke nan. Na buga waya, 'yarki ta ce kina barci, da ƙarfe sha ɗaya na rana. Ba komai. Ina gaishe ki.

Loretta

*

Fargo, 9 ga Yuni

Malama Loretta,

Bayan gaisuwa. Motar tana rubuta duk abin da aka yi mata, kuma lauyoyin kamfanin sun kawo wannan bayanin. Lauyana ya ce in bar ki, shaidarki za ta cuce ni, domin za su ce ba a cika cajin ba. Amma na ga hakkinki ne ki sani kafin ki ji a bakin wani.

Ranar sha biyu ga Fabrairu an zare wayar cajin da ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana. An mayar da ita ƙarfe huɗu da minti biyar. Bayan minti tara aka sake zarewa, ba a kuma mayarwa ba. Da safe allon ya nuna mil 131. Motar ta tsaya bayan mil 78.

Ban san wanda ya zare ba, ba kuma zan tambaya ba.

Naki,
Dwight Sorlie

*

Gona, 13 ga Yuni

Yaya Bernice,

Gaisuwa, ko kin amsa ko ba ki amsa ba. Ga takardar Malam Sorlie.

Ƙarfe huɗu ina kicin ɗin coci ina feraye dankali, mata goma sun gan ni. Mutum ɗaya ne a gida. Ya shiga gareji ya ga abin da na yi, ya sake jona motarsa. Ya tsaya minti tara yana kallon maraƙar nan tana rawar sanyi. Sai ya zare da hannunsa. Da safe kuma bai ɗaga maganar ba, miya kawai ya tambaya.

Zan je kotu, ko lauyan yana so ko ba ya so. Zan faɗi maganar soket, in faɗi ɗari da talatin da ɗaya. Duka biyun sun faru.

Jiya da la'asar na sake jin ƙarar. Na duba agogo, huɗu da minti biyar. Ban tashi ba. Na zauna na jira ta biyun, ta zarewa.

Loretta

*

Mesa, 20 ga Yuni

Amarya,

Haka Elmer yake tun yana yaro, ya taɓa ba ɗan kare bargonsa ya kwana da tari.

Zan sauka Minot ranar shida ga Yuli. Ki zo da shuɗiyar rigar. Wane suna kika sa wa maraƙar?

Yayarki,
Bernice