Asabe Ta Fasa Tulun Iri

Madarumfa, goma ga watan Azumi.

Daga kawunki Malam Yahaya, limamin unguwa, zuwa ga ɗiyata Ruƙayya a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Maman, da ƴan boko ke ce wa Mushe Maman, da yara. Yaya azumi, yaya zafi, yaya kuma zaman kulle? Allah Ya raba mu da wagga cuta ta korona, Ya buɗe hanyoyi, Ya maida mu cikin sahu kafaɗa da kafaɗa kamar da. Mu nan sai godiya. Inna Tani ƙafar ta yi sauƙi, har tana zuwa bakin tafki da kanta tana yi wa masunta cinikin da ke sa su rantsuwa da azumi a bakinsu. Matar Arziki ta sauka lafiya, an samu namiji, an yi suna mutum bakwai kacal, ragon ma ya yi mamakin rashin jama'a. Iyaka na nan rufe, ba mai zuwa Jibiya. Shi kuwa taubashinki Ɗan Azumi, ɗan ƙanena, wanda kike kira shaƙiyyi, ya natsu ƙwarai, ya ƙara kyau, har daga Gabi ana aiko tambaya a kansa. Ki daina cewa kansa kamar ƙwaryar fura.

To ɗiyata, abin da ya sa na ba Ado direban kamyon albasa wannan takarda, tunda motocin kaya kaɗai ake bari su shiga Yamai, ba ƙarami ba ne. Kin san tsohuwa Asabe ta bayan gidanmu, uwar Ɗelu. Ɗelun nan da ke da kanki kika aiko aka nemo miki shekara huɗu da suka wuce, bayan rasuwar mijinta, kika ce kina son macen gida mai amana ta riƙa yi miki shara da wanki. Ƴaƴanta huɗu suna nan hannun tsohuwar, kuma abin da Ɗelu ke aikowa kowane wata shi ne tuwonsu. Tsohuwa ba ta da salula, Ɗan Azumi ke kai mata tasa duk Juma'a su gaisa da ɗiyarta. Juma'ar da ta wuce ya shiga da sallama, ya iske ta zaune gindin dalbejiya da rariya a hannu, tana tankaɗe toka daga cikin wake. Gefenta ga tulu an fasa masa yumɓun baki. Na tsaya cik, wato shi yaron ya tsaya, don ko ɗan goye a garin nan ya san waken da aka binne cikin toka aka liƙe bakin tulunsa ba na tukunya ba ne. Iri ne. Da shi ake jiran ruwan farko.

Ya tambaye ta ko ƙwari ne suka shiga tulun. Ta yi dariya, ta ce ƙwari huɗu ne, ga su can suna jiran a sha ruwa. Da ya matsa, sai ta ce damin geron iri ma da ta rataye tun kaka ya kwana goma da shiga turmi, ta sussuka shi a ɗaka don kada maƙwabta su ga irin zangarniyar da take dakawa. Ta roƙe shi don Allah kada ya faɗa wa kowa. Ruƙayya, an ce gani ya kori ji. A shekaruna na ga an sayar da akuya, na ga an sayar da gado da kwanonin jere, amma cin iri ana saura wata guda damina ta faɗi, wannan sai a labarin yunwar da tsofaffi ke bayarwa. Wanda ya ci irinsa ai ba tuwon yau kaɗai ya ci ba, ya haɗa da na baɗi.

Aka kira Ɗelu. Da farko ta ce komai lafiya, ta ce kina yi mata kirki, ta ce a gaida Malam. Sai da uwarta ta ce ta daina rufa-rufa, yaron ya riga ya ga tulu, sannan ta faɗi gaskiya. Ta ce tun ranar da aka rufe Yamai, ba shiga ba fita, kika ce ta dakata da zuwa har a ga abin da Allah zai yi. Ta ce ba ta ga laifinki a nan ba, kina da yara, ita kuma tana shiga gidaje uku. Ni ma ban ga laifinki a nan ba. Amma ta ce da ta tsaya bakin ƙofa tana murza gefen zane, kin gane abin da take nufi, kika ce mata ai ita ba ƴar aikin gidanki ba ce, mai zaman kanta ce, ranar da ta yi aiki ake biyanta, kuma tana da sauran gidaje biyu da za su riƙe ta. Ta je gida na biyu, na wata ungozoma, aka ce mata ai tana da ƴar garinsu Madam Ruƙayya. Ta je na uku, gidan wani ɗan kasuwa, aka ce mata ai tana da ungozoma da ƴar garinsu. Kun zama mutum uku da suka ɗauki jinka, kowa ya saki don ya tabbata biyun na riƙe. Sati shida ke nan ko dala ba ta shiga hannunta ba. Tana kwana a wani kangon gini da wasu mata, sahur ɗinta ruwa da garin rogo, kuma ko ta so dawowa gida ba hanya.

Wallahi da aka ce ke ce, sai da na ce ƙarya ne. Na ce Ruƙayyar da ke ɓoye ƙosanta a bakin zane ta kai wa makauniyar bakin kasuwa? Na ce ko dai wata Ruƙayya ce a wani kartiye, wata unguwa daban. Na san za ki ce abubuwa sun yi tsada, kuma gaskiya ne. Na san za ki ce ba ku yi yarjejeniya a kan ranar da ba aiki ba, shi ma gaskiya ne, don ba wanda ya taɓa zaton ranar da shara za ta zama haɗari. Amma ki duba: Mushe Maman ma ba kullum yake zuwa biro wurin aikinsa ba yanzu, ko an rage masa albashi? Shi da cuta ta zaunar an ci gaba da biyansa, ita da cuta ta zaunar an ce mai zaman kanta ce. Zaman kan nata bai hana ki ba ta makullin ɗakinki ba lokacin da kika tafi haihuwa likita. Na kuma ji ke ke shara da kanki yanzu har bayanki ya riƙe, kina tafiya kamar mai neman allura. Allah Ya sawwaƙe, amma kin san nauyin tsintsiya ke nan.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ki ci gaba da ba ta kuɗin aikin Litinin da Alhamis ɗinta kamar tana zuwa, ta zauna inda take har a buɗe gari, ki haɗa mata da na makonnin da suka wuce. Ki kira matan gidajen nan biyu, kin fi ta baki a wurinsu, ki gaya musu kin ɗaga naki gefen. Kuma ki yi da sauri, don hadari ya fara haɗuwa ta gabas da la'asar, mutanen Safo har sun fara fitar da sungumi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ki gaida Mushe Maman, ki gaida Mahaman ƙarami da ƴan biyu, ki ce su riƙa wanke hannu. Inna Tani, Arziki da mai jego, da duk mutanen gida suna gaishe ki. Allah Ya karɓi ibadarmu. Wassalam, kawunki.

Kai, ba zan iya rufe takardar nan haka ba, azumi nake. Ruƙayya, ba Baba Malam ba ne. Ni ne, mai kan ƙwaryar. Na je masa da maganar a ranar, ya sunkuyar da kai, idonsa ya yi ja, sannan ya ce bakin da ke buɗa-baki da shinkafar da kika aiko ba zai iya yi miki faɗa ba. Ni kuwa ko ƙwaya ban ci ba, a ɗakin Inna Tani aka kulle buhun. Na ari sunansa ne don na san in kin ga nawa a sama dariya za ki yi ki kunna wuta da takardar. Duk abin da na rubuta gaskiya ne, ban da maganar ƴan matan Gabi.

Saura ɗaya, kuma ki zauna kafin ki karanta. Irin da na ajiye don gayaunata, tiya biyu ta gero da ɗaya ta wake, na kai wa tsohuwa shekaranjiya. Ta ƙi karɓa daga hannuna, ta ce ba ta cin gonar yaro, sai na ce ai ke kika aiko. Tun ranar, magariba biyu ke nan tana jera jikokin tana sa miki albarka suna amsa amin, unguwa duk ta ji. Jiya kuma ta sa na kira Ɗelu ta gaya mata. Ɗelu ta yi kuka, ta ce ta san ba za ki manta da ita ba, ta ce ranar Alhamis za ta zo ta tsaya daga nesa a ƙofar gidanki ta yi miki godiya. Ado ya ce Laraba zai iso Yamai. Kina da kwana ɗaya ki san abin da za ki riƙo a hannu in kin buɗe mata ƙofa. Dukan da za ki yi mini kuma ki ajiye shi, ina nan, ba inda za ni, iyaka a rufe take.

Taubashinki,
Ɗan Azumi.