Bangon Ɗakin Yayanka

Zinder, unguwar Zango

Zuwa ga ƙanena Adam, a Dakar.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan kuna lafiya, Allah ya ƙara mana haƙurin rashin yayanka. Mu nan da sauƙi. Ina cikin takaba, ba na fita. Ƙafar Inna ta yi dama, amma har yau in an buga ƙofa sai ta ce shi ne ya dawo daga jami'a.

Adam, maganar littafin nan ce ta sa na rubuto. Ka san shekarun da yayanka Malam ya yi yana rubuta wa ɗalibansa littafin lissafin da kuke kira analiz. Yakan ce na Faransa suna da kyau, amma suna tsallake wuraren da yaranmu ke tuntuɓe. Abin da ya ɓoye maka shi ne, ciwon suga ya ci idonsa har ya daina ganin rubutun takarda. Babin ƙarshe da alli ya rubuta shi, manya-manya, a bangon ɗakinsa, ya cika ko'ina. Ya ce in ka zo hutu ka kwafe, don kai kaɗai za ka gane hannunsa.

Ana gobe sadakar arba'in, babbar yayarku, Yaya Bintu, ta sa aka shafe ɗakin da farar ƙasa saboda baƙi. Ba da mugunta ta yi ba, ta ɗauka zanen yara ne, ta ce kunya ce malamai su zauna a ciki haka. Ina cikin gida wurin mata masu gaisuwa, kafin in ji labari saura bango ɗaya, na gabas. Na tsaya gabansa na ce sai dai a shafe da ni. Har yau ba ta iya haɗa ido da ni.

An ɗauki hoto da waya, allin bai fito ba. Na gwada kwafa a kaye, littafin rubutu na 'yan makaranta, amma ka san a firamare na tsaya. Akwai alamun da ban san samansu da ƙasansu ba, ina tsoron in yi masa ƙarya.

Shekaranjiya da la'asar aka yi ruwan farko. Rufin yana yoyo ta kusurwa, ruwan ya wanke layukan sama ina kallo. Na rataya tabarma da zanena, amma ba za su tare ruwan Agusta ba. Magini ya ce gyaran rufin sai an taɓa bangon, na hana. Don Allah kada ka jira hutu. Ka roƙi shugabanninku ka taho. Kullum in hadari ya haɗu, ji nake za a sake fitar da Malam daga gidan nan.

Ka gaishe da matarka Rahama da yara, su Gana. Inna ta ce Allah ya kawo ka lafiya, Yaya Bintu ma ta ce ka yafe mata.

Matar yayanka,
Kaltuma